TABAR LANTARKI: BINCIKEN JAMI'O'I DA HUKUNCIN SHARI'A

  

Ya 'yan'uwa masu karatu, darasinmu na wannan mako a kan wata baƙuwar aba ne wadda ta shigo mana ba da daɗewa ba, watau tabar lantarki. Abin da ya jawo maganar kuwa, ran nan bayan an tashi daga darasin Nahawu sai wani ɗalibina ya dakata har kowa ya fita, sa'an nan ya matso ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina da tambaya, amma ba ta Larabci ba ce." Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar aba, tsawonta bai wuce na biro ba, tana ta ƙamshin mangwaro. Ya ce a jakar ƙanensa ya same ta, yaro ɗan shekara 16. Da ya tsare shi, sai yaron ya ce ai wannan ba taba ba ce, ba wuta ba toka, tururi ne kurum, kuma Turawa da kansu sun ce ba ta da lahani. Ya ce, "To, Malam, me zan gaya masa?"

Na ce ya ba ni mako biyu. Dalili kuwa, malaman Usulu sun kafa mana ƙa'ida cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san ko mene ne shi, kuma Allah Maɗaukaki ya umurce mu a Suratun Nahli, aya ta 43, da mu koma ga ma'abota sani a kan abin da ya shige mana duhu. Ma'abota sanin huhu da jini kuwa likitoci ne da masu bincike na jami'o'i. Saboda haka na nemi abin da suka rubuta, ga shi kuma zan kawo muku gwargwadon abin da fili ya ɗauka.

Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, ana ce da shi Hon Lik, shi ya ƙera irin wadda ake sha yanzu, a shekarar 2003. Shi kansa mashayin taba ne, mahaifinsa ma haka, kuma ciwon dajin huhu ne ya yi ajalin mahaifin. A cikinta akwai batir, da wata 'yar murɗaɗɗiyar waya wadda takan yi zafi idan an zuƙa, da ɗan mazubi mai ruwa. Ruwan nan haɗi ne na gilisarin da wani sinadari ɗan'uwansa, da kayan ƙamshi, da nikotin, watau sinadarin nan na ganyen taba wanda yake kama mutum ya hana shi bari. Idan wayar ta yi zafi sai ruwan ya tashi, mai sha ya ja shi zuwa huhu.

A nan bari in ɗan tsaya a kan kalma, tun da yake ita ce sana'ata. Balarabe yana ce da hayaƙi dukhan, yana ce da tururi bukhar, kuma masu sayar da wannan aba sun dage a kan cewa tasu bukhar ce. Amma masu bincike sun nuna abin da yake fita daga cikinta ba tururin ruwa ba ne irin na bakin tukunya. Wasu ɗigo ne ƙanana ƙwarai masu shawagi cikin iska, ɗauke da duk abin da yake cikin ruwan, da ma abin da zafi ya haifar. Sunan da ya fi dacewa da shi a Larabci shi ne haba'u, irin ƙurar nan da kake gani tana yawo idan hasken rana ya ratso ta taga. Ko ma dai wane suna aka ba shi, sauya suna ba ya sauya hukunci. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin wasu mutane daga al'ummarsa da za su sha giya suna kiran ta da wani suna dabam. Ban ce tabar lantarki giya ce ba, domin ba ta gusar da hankali. Na kawo hadisin ne don a ga cewa Shari'a haƙiƙanin abu take dubawa.

Kafin mu shiga binciken yau, ya kamata mu waiwayi abin da ya faru da ita taba ta asali, domin akwai darasi babba a ciki. Lokacin da taba ta shigo ƙasashen Musulmi, wajen ƙarshen ƙarni na 16 na Miladiyya, malamai sun yi saɓani mai tsanani a kanta, har a cikin mazhabarmu ta Malikiyya. Shaihu Ibrahim Laƙƙani na Masar ya wallafa littafi yana hana ta. Shaihu Aliyu Ajhuri, shi ma Bamalike ne na Masar kuma a zamani ɗaya suke, ya wallafa nasa yana halatta ta matuƙar ba ta gusar da hankali ba. Shaihu Ahmad Baba na Tumbutu, wanda ya rasu a 1627, yana cikin waɗanda suka halatta. Sarkin Musulmi na Daular Usmaniyya, Muradu na Huɗu, ya hana ta da ƙarfin mulki a 1633. Waɗanda suka halatta ba jahilai ba ne, ba kuwa masu son zuciya ba. Hujjarsu ita ce asalin abubuwa halal ne sai an sami dalilin hani, kuma a zamaninsu ba wanda ya tabbatar da cutarta.

Sai bayan shekara fiye da 300 dalilin ya fito fili. A 1950 wasu masu bincike biyu a Landan, Richard Doll da Bradford Hill, suka buga sakamakon da ya danganta shan sigari da ciwon dajin huhu. A 1951 suka fara bin rayuwar likitocin Ingila wajen 40,000, aka yi ta bin su har shekara 50. Abin da aka gano shi ne, wajen rabin waɗanda suka zarce da shan taba ita ce take kashe su, kuma mashayi yakan yi hasarar kimanin shekara 10 na rayuwarsa idan an gwada shi da wanda ba ya sha. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara. Da wannan ilmi ya bayyana, sai mafi yawan malaman zamani suka koma ga haramci. Nassi yana nan yadda yake tun farko, sanin cutar ne ya ƙaru. Ku riƙe wannan, domin tabar lantarki shekarunta ba su fi ashirin da 'yan kai ba, alhali ciwon daji yakan ɗauki shekara 20 ko 30 kafin ya nuna kansa.

To, me aka gano zuwa yanzu? A watan Disamba na 2015 masu bincike na Jami'ar Harvard ta Amurka suka gwada ire-iren ruwan ƙamshi 51, suka sami wani sinadari mai suna dayasitil a cikin 39. Wannan sinadari ana sa shi a abinci don ya ba da ɗanɗanon man shanu, kuma ci ba ya cutarwa, amma shaƙarsa ta taɓa lalata ƙananan hanyoyin iska na huhun ma'aikatan wata masana'antar gugguru a Jihar Missouri. Ashe ke nan abin da ciki ya karɓa ba lalle ne huhu ya karɓa ba. Adalci kuma ya sa in faɗa cewa hayaƙin sigari ma yana ɗauke da wannan sinadari, har ya fi na tabar lantarki yawa. A 2018 kuma masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins suka karɓi na'urorin mashaya 56 suka auna, suka tarar da dalma da nikel da wasu ƙarafa a cikin abin da ake zuƙa, kuma alamu suka nuna daga wayar nan mai zafi suke fitowa. A 2019 aka yi gwaji da ɓeraye a Jami'ar New York, aka yi ta busa musu ita har mako 54, sai 9 daga cikin 40 suka kamu da ciwon dajin huhu. Ɓera ba mutum ba ne, kuma an ɗura musu fiye da kima, amma mai hankali ba ya raina irin wannan ishara.

Sa'an nan akwai abin da ya auku a Amurka a 2019, lokacin da matasa suka yi ta cika asibitoci numfashi yana gagararsu. Zuwa watan Fabrairu na 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙidaya mutum 2,807 da aka kwantar, 68 suka mutu. Da aka bi diddigi sai aka gano mafi yawansu ruwan bayan fage suka saya, mai sinadarin tabar wiwi, wanda 'yan algus suka sirka da wani mai da ake samu daga bitamin E. An sami man nan a huhun 48 daga cikin majiyyata 51 da aka gwada. Watau ba ruwan nikotin na kanti ne ya jawo annobar ba. Amma ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yaron da ya sayi wannan aba a bakin titi ko a wurin abokinsa, da me zai san abin da aka zuba a ciki?

Yanzu kuma ga wani gargaɗi ga masu wa'azi irina. Allah ya hore mu a Suratul Hujurati, aya ta 6, da mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi, kuma wannan horo bai tsaya ga labarin da muke ƙi ba, ya haɗa har da wanda ya yi mana daɗi. A watan Janairu na 2015 wasu masana na Jami'ar Jiha ta Portland suka ba da rahoton samun famaldihaid mai yawa, watau sinadarin nan da ake adana gawa da shi. Jaridu suka ɗauka suka yayata. Amma a cikin rahoton kansa an faɗa cewa sai da aka ƙure wutar na'urar aka same shi, da aka yi a ƙaramar wuta ba a gan shi ba, kuma wasu masana suka ce a irin wannan zafi ɗanɗanon yakan yi ƙauri har ba mai iya zuƙa. Haka kuma a 2019 wasu malamai na Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco suka buga cewa tabar lantarki tana da alaƙa da bugun zuciya, sai aka gano da yawa daga cikin mutanen da aka ƙidaya ciwon ya same su tun kafin su fara shan ta. A watan Fabrairu na 2020 mujallar ta janye maƙalar. Wanda ya hau mumbari da irin wannan hujja, ranar da yaro ya gano ta faɗi, to, ya daina sauraronsa har a kan abin da yake gaskiya.

Ta ɗaya ɓangaren ma haka abin yake. Maganar da ƙanen ɗalibina ya riƙe, cewa Turawa sun wanke ta, asalinta wani rahoto ne da hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta fitar a 2015, inda aka ƙiyasta cewa cutarta ba ta kai ta sigari ba da kimanin kashi 95 cikin 100. Wannan adadi ba a ɗakin gwaji aka auno shi ba, ƙiyasi ne na wani zaman masana, kuma mujallar likitoci ta Lancet ta soki tushensa a shekarar. Ban da haka ma, rahoton bai ce ba ta da lahani ba. Ya gwada ta ne da sigari, wadda hayaƙinta yake ɗauke da sinadarai wajen 7,000, kusan 70 daga ciki masu jawo ciwon daji. Wanda aka ce faɗowa daga katanga ya fi faɗowa daga bene sauƙi, ai ba a ce masa ya hau katanga ya diro ba.

Duk da haka, sauƙin nan gaskiya ne, kuma ɓoye shi ha'inci ne. Majalisar masana kimiyya ta Amurka ta duba bincike fiye da 800 a 2018, ta tabbatar cewa mashayin da ya bar sigari ɗungum ya koma tabar lantarki, gubar da take shiga jikinsa tana raguwa. A Jami'ar Dundee ta Sikotilan, a 2019, an ga jijiyoyin jinin waɗanda suka yi wannan ƙaura sun fara gyaruwa cikin wata ɗaya. Mafi ƙarfin hujja kuwa ita ce ta Shaihun Malami Peter Hajek na Jami'ar Queen Mary ta Landan da abokan aikinsa, ita ma a 2019. Sun ɗauki mashaya 886 masu son bari suka raba su biyu, aka ba wasu tabar lantarki, aka ba wasu magungunan nikotin da aka saba, irin su cingam da filastar da ake mannawa a fata. Bayan shekara ɗaya, kashi 18 cikin 100 na rukunin farko sun bar sigari, na biyu kuwa kashi 9.9. Sai dai akwai ragowar magana wadda masu talla ba sa faɗa: daga cikin waɗanda suka bar sigari ta hanyar tabar lantarki, kashi 80 cikin 100 suna nan suna zuƙar ta bayan shekarar, alhali a ɗaya rukunin kashi 9 ne kaɗai suka zarce da maganinsu. Sun tsira daga hayaƙi, amma nikotin bai sake su ba.

Shi kuwa yaro ɗan shekara 16, wanda bai taɓa sa karan sigari a baki ba, ba shi da rabo a cikin wannan sauƙi ko kaɗan. Likitoci sun ce ƙwaƙwalwar mutum ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma nikotin ya fi saurin kama ƙwaƙwalwar da ba ta nuna ba. Kamfanin Juul, wanda ya fito da tasa a 2015, da bakinsa ya ce nikotin da yake cikin ɗan mazubinsa guda ya yi daidai da na kwalin sigari mai kara 20. Masu bincike na Jami'ar Kudancin Kalifoniya sun bi 'yan makaranta 2,530 a Los Angeles, 'yan shekara 14 da ba su taɓa shan taba ba, suka buga a 2015 cewa waɗanda suka ɗanɗana ta lantarki sun fi sauran faɗawa shan mai hayaƙi cikin shekara guda. A 2019 kashi 27.5 cikin 100 na ɗaliban manyan makarantun sakandare na Amurka suna shan ta. Da hukuma da iyaye suka tashi tsaye, adadin ya sauko zuwa kashi 7.8 a 2024. Ƙasar Indiya ta hana ta baki ɗaya a 2019, Ingila kuma, wadda take ba mashaya shawarar komawa gare ta, ta hana sayar da irin wadda ake sha a yar daga 1 ga watan Yuni na 2025. Ku tambayi kanku, ƙamshin mangwaro da na alewa, dattijon da ya shekara talatin yana shan taba aka yi wa, ko kuwa ɗansa?

Idan mun fahimci wannan, hukunci ya zo da sauƙi. Allah ya hana mu jefa kawunanmu cikin halaka a Suratul Baƙara, aya ta 195, ya kuma yi tir da almubazzaranci a Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda malamai suka mai da shi ɗaya daga cikin ginshiƙan Fiƙihu. A kan irin waɗannan dalilai ne Majalisar Fatawa ta Ƙasa ta Malesiya ta haramta tabar lantarki a watan Disamba na 2015, ƙungiyar Muhammadiyya ta Indonesiya ma ta yi haka a watan Janairu na 2020. Ga wanda ba mashayi ba, yaro ne ko babba, abin da zuciyata ta natsu da shi shi ne wannan fatawa. Zai sayi jaraba da kuɗinsa, ya zuba wa huhunsa abin da an riga an tabbatar akwai guba a ciki, ba tare da wata maslaha da za ta rinjayi wannan ba. Mai sayar wa yara kuwa laifinsa ya fi na mai sha.

Amma mashayin da taba ta riga ta kama, ya yi ƙoƙarin bari ya kasa, ina ganin mas'alarsa dabam ce, ko da yake na san akwai malamai da ba za su yarda da ni ba. Fiƙihu yana da babin ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu idan ba makawa sai an ɗauki ɗaya, kuma yana da ƙa'idar cewa lalura ana auna ta ne gwargwadonta. Saboda haka sai ya fara zuwa wurin likita a gwada masa magungunan da aka tanada don wannan. In sun gaza, likita ya ga ta lantarki za ta taimake shi, to, ya riƙe ta riƙon magani, da niyyar rabuwa da ita ita ma, yana rage nikotin a hankali. Sharaɗi babba shi ne ya bar sigari gaba ɗaya, domin sauƙin da masana suka tabbatar na wanda ya yi ƙaura ɗungum ne. Wanda yake shan sigari a waje yana zuƙar ta lantarki a ɗaki bai shiga wannan rangwame ba. Kada kuma ya busa wa iyalinsa, ya kuma ɓoye ruwan nesa da ƙananan yara, gama haɗiye shi guba ne a gare su.

Da ɗalibin nan ya dawo na karanta masa wannan, sai ya ce saura tambaya ɗaya, wai ƙanen nasa ya ce tun da tururi ne ba ya karya azumi. Na yi murmushi, domin malamanmu sun riga shi. Masu sharhin Mukhtasar na Shaihu Halilu sun bayyana cewa wanda ya shaƙi hayaƙin turaren wuta, ko tururin tukunyar abinci, har ya kai maƙogwaronsa, to, azuminsa ya ɓaci sai ya rama, saboda abu ne mai jiki wanda yake isa ciki. Sun bambanta shi da hayaƙin itacen girki wanda ba a iya kauce masa. Idan tururin tukunya ya karya azumi, ina ga wanda aka saya da kuɗi, aka sa a baki, aka ja da gangan don jin daɗi? Wallahu a'alamu.